Takarda Arba'in, Hannu Ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, wajen ƙarfe goma na safe, ina durƙushe cikin wata tsohuwar bas ina kwance kujerar baya, sai 'yata ta kira ni a waya. Ta yi sallama. Bayan haka abin da ta ce kawai shi ne, "Baba, Malam ya cika." Na zauna a kan soson da na ciro, na rasa ta cewa, ni da kowa ya shaida a gareji cewa ko gidan makoki aka je da ni sai an sa wani ya riƙa taka mini ƙafa.

Malam, na san za a yi ta rubutu a kanka. Abokan aikinka za su jero littattafanka, ɗalibanka za su faɗi inda ka kai su. Ni ba na cikin wannan sahu. Mai ɗinkin kujerun mota ne ni, Mai Soso ake ce mini, karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, shi ma rabinsa ta taga na yi shi. Duk inda aka ga rubutun nan ya miƙe, 'yata ce ta bi shi da jan biro. Inda ya karkace kuwa, nan ne na hana ta taɓawa. Sai dai akwai abin da na sani game da kai wanda ba ya cikin littattafan, kuma tun da kai ba mai faɗa ba ne, ni kuwa bakina ba shi da murfi, bari in faɗa.

Shekara tara ke nan. 'Yata ta fari tana shekarar ƙarshe a jami'a, ita ce ta farko a zuriyarmu da ta taka wannan wuri ba don kai saƙo ba. Ilimin zamantakewar al'umma take karantawa. Ranar da ta yi mini bayanin cewa nazari ne na yadda mutane ke zama da juna da dalilin da ya sa suke yin abin da suke yi, na ce ashe gulma ce aka yi wa digiri, ai da an faɗa tun da wuri da uwarta da maƙwabciyarmu sun daɗe da zama farfesoshi.

Kafin a ba ta takardar gamawa sai ta yi bincike nata na kanta, kai ne kuma mai duba aikin. Ta zaɓi iyaye maza masu aikin hannu waɗanda ba su gama makaranta ba, da yadda suke ɗaukar karatun 'ya'yansu. Ta tsara takardar tambayoyi mai tambaya ashirin da biyar, wasu a yi alama a akwati, wasu a rubuta amsa a kan layi. Mutum arba'in take nema. Na ce mata garejin kamfaninmu mun fi hamsin, kuma babu wanda ya gama makaranta sai foman, shi ma ana tantama. Na ce ta kawo, kwana uku sun yi yawa. Ta ce Malam ya ce da hannunta za ta raba, da hannunta za ta karɓa. Na ce Malam bai san mutanena ba, ni kuwa ko tari na yi sai sun amsa. Na matsa, na matsa, har ta miƙo mini ambulan. Laifinta ke nan duka a cikin wannan labari: ta yarda da ubanta.

A lokacin ana raɗe-raɗin rage ma'aikata. Da makanikai suka ga takarda tana tambayar ajin da mutum ya tsaya, sai suka ce ofis ne ya aiko a gano marasa shaidar karatu. Mai walda ya dube ni ya mayar da gilashinsa. Mai fenti ya karɓi uku da fara'a, na same su manne a kan fitilun mota yana fesa shuɗi. Mai gadi ya yi fifita da tasa. Bayan kwana goma, biyu kacal suka dawo, ɗaya babu komai a kanta sai shatin gindin kofi. Kullum na koma gida ta tare ni da ido, ni kuwa in ce suna nan tafe, mutanena ba sa son gaggawa. Na kasa ce wa 'yata, ubanki bai kai inda ya ce ya kai ba.

Sai na samu kwafi sababbi, na shige kujerar baya ta wata bas da ke jiran inji. Kwana huɗu, duk lokacin hutun cin abincin rana, da biro uku da fensir ɗaya, na zama mutum arba'in. Wasu na rubuta da hagu. Wasu na dangwala musu baƙin mai don su yi kama da na gareji. Kuma Allah ya yafe mini, na ji daɗin aikin, musamman tambaya ta sha tara: me ya sa ka bar makaranta? Wani na ce akuya ta cinye masa littafi ana gobe jarrabawa. Wani an ce masa ilimi kogi ne, shi kuwa bai iya iyo ba. Wani tagwaye ne, suka ga ba dalili su wahala su biyu a kan abu ɗaya. Na kai mata ambulan ina hura hanci. Ta yi sati uku tana zuba ƙaryata a kwamfuta tana zana jadawali.

Abin da ban sani ba, kai ba ka karɓar jadawali sai ka ga takardun da suka haife shi. Wata la'asar ta dawo idonta a kumbure, ta ce Malam yana son ganin wanda ya raba takardun.

Ofishinka yana hawa na uku, ɗan tsukuku ne, kwalaye jere har kusa da silin, kowanne an rubuta masa shekara. Fanka tana juyawa tana ɗingishi. Kujerar baƙi sosonta ya daɗe da rasuwa, da zamana na ji katako. Ka tashi ka ba ni hannu, ka zuba mini shayi da kanka. Na fara da kujerar, na ce ko da gangan aka bar ta haka don kada ɗalibai su daɗe. Ka yi dariya ta gaske, har da cire tabarau. Sannan ka tambaye ni yadda aka yi rabon takardun. Na shirya maka labari mai kyau. Da na kai aya ka ce, "Sai kuma?" Na ƙara. Ka ce, "Sai kuma?" Haka ka yi ta ba ni igiya ina naɗa wa kaina, har ramin ya ƙure, na tsaya ina kallon kofi.

Ka baje takardun a kan tebur. Ka ce rubutun hagun ya burge ka, ba shi ya tona ba.

"Shekarata ashirin da shida ina karanta irin waɗannan," in ji ka. "Mutum arba'in, tambaya ashirin da biyar, amsa dubu ke nan. Babu wanda ya tsallake ko ɗaya, babu 'ban sani ba' ko guda. Mutanen gaske suna gajiya, suna mantuwa, suna jin kunya. Sannan duk garejin nan masu ban dariya ne? Ba a samu mai ɗaure fuska ko ɗaya ba?"

Ka kuma nuna mini dangwalen baƙin man nan, duk babban yatsa ɗaya ne mai tabo a tsakiya. Sannan ka dubi hannuna da ke riƙe da kofin. Allurar buhu ce ta yi mini tabon tun ina koyon aiki. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na gode mata.

Ka gaya mini dokar ba tare da ka ɗaga murya ba. Ƙirƙirar amsoshi hukuncinsa kora ne, sunan da ke kan aikin kuwa nata ne. Shekara huɗu za su tafi a iska. Na roƙe ka a ƙone takardun a manta. Har cewa na yi zan gyara maka kujerar da sabon soso da leda mai kyau, ka ga irin toshiyar talaka. Ka ce kujera ta jira, kuma sai da aka shekara kafin ka bari na taɓa ta. Ka ce, "Ba zan ɓoye ba. Ba kuma zan bari ta ɗauki kayan da ba ita ta ɗaura ba. Amma sai ka zo gaban kwamiti ka faɗa da bakinka."

'Yata tana zaune a benci a bakin ƙofa, ta ji komai. Muka sauko, tana gaba ina baya kamar wanda aka kama da kaza. Daga ranar ba ta fasa gaishe ni ba, don tarbiyyar uwarta ce, amma gaisuwar ta zama tsirara: ina kwana, sannu da zuwa, shi ke nan. Kalmar Baba ta fita daga ciki. In akwai saƙo sai ta bi ta wajen uwarta. Uwar kuwa ba ta raga mini ba. Ta ce da allura aka san ni, wa ya aike ni da biro, ga shi garin gyaran gira na tsone idon yarinya.

Kwamitin mutum biyar ne a bayan dogon tebur. Na sa kayana na fita, na faɗi abin da na yi. Wani mai kaurin murya a tsakiya ya ce bai yarda ba, kowane uba zai ɗauki laifin 'yarsa, ina shaida cewa wannan bawan Allah zai iya tsara amsa dubu? Wato ya ga ban yi kama da mai basirar yin ƙaryar ba. Raina ya ɓaci, na rasa ta wane gefe zan ji haushi. Sai ka nemi a ba ni farar takarda da biro, ka ce in amsa tambaya ta sha tara sau biyar, da hagu, kada in maimaita ko ɗaya daga cikin arba'in ɗin. Kafin minti biyar na miƙa. Aka zagaya da ita, wata malama ta ɓoye fuskarta a bayan fayil kafaɗunta suna rawa. Ita ce jarrabawa ɗaya tak da na taɓa ci a rayuwata, abin da ta tabbatar kuwa shi ne ni maƙaryaci ne.

Ba a kore ta ba. An yi mata gargaɗi a rubuce saboda sakin takardun daga hannunta, aka soke aikin, aka ba ta sati takwas ta kawo sabo. In bai karɓu ba, ta tafi gida hannu rabbana. Kai ka sa hannu cewa za ka tsaya a kai. Daga baya na ji hutunka na shekara ne ka ajiye, kuma wasu abokan aikinka sun ce kana ɓata lokaci a kan 'yar mai ɗinkin kujera. Ba daga bakinka na ji ba.

Ka ce a bar takarda, mutanen da ke tsoron takarda da baki ake zuwa musu. Za ta zauna da mutum goma sha biyu ta yi hira da kowanne. Nan take na fara lissafo abokaina. Ka tambaye ni, idan aka ce in duba ko kujerun bas sun mutu, na bakin ƙofa kawai nake dannawa? Na ce a'a, sai na taɓa na gaba da na tsakiya da na kan taya, don kowanne da irin wahalar da yake sha. Ka ce to haka ake zaɓen mutane, daga kowane sashe, tsoho da matashi, masu son Mai Soso da waɗanda ba sa son sa. Na ce babu wanda ba ya so na. Ka ciro ɗan littafinka ka rubuta wani abu, har yau ban san me ba. Ka kuma bi tambayoyinta ɗaya bayan ɗaya kana cire waɗanda ka kira masu goyo, wato tambayar da ta zo da amsarta a baya. Kada ta ce wa mutum talauci ne ya fitar da kai ko, don zai ce e ya huta. Ta tambaya, ta ja bakinta, in ya gama ta ƙirga goma a zuci kafin ta sake magana.

Kafin ta shiga gareji sai ta gwada hannu, hirar da ba za ta shiga cikin aikin ba. Ka ce ga wanda ya dace, mutumin da ya amsa tambayar nan sau arba'in da biyar bai faɗi tasa ba.

Ranar Asabar da hantsi muka haɗu a ofishinka. Ka koma lungu kusa da kwalaye. Ta ajiye rikoda a tsakaninmu, ta karanta mini cewa ina da damar ƙin amsa duk abin da ban so ba, ina da damar tashi duk lokacin da na ga dama, kuma ba za a kai maganata ko'ina ba. Da muryar baƙuwa ta karanta, 'yar da na koya wa tafiya. Ta tambaye ni me ya sa na bar makaranta. Na ce hedimasta ne ya ga ina neman fin sa sani. Ta yi shiru. Na ce to gaskiya benci ne ya yi mini tauri, shi ya sa na shiga sana'ar soso. Ta yi shiru. Ban taɓa sanin goma tana da nisa haka ba. Fanka tana ta ɗingishinta, na dube ka neman agaji, kai kuwa kana kallon takalminka.

Sai na ji bakina ya ce, "Ban sani ba."

Kuma gaskiya ce. A gida kullum nakan ce babu ce ta fitar da ni, alhali mahaifina, Allah ya jiƙansa, bai taɓa gazawa da ni ba. Na gaya mata abin da na iya tunawa. Karatu a fili yana yi mini wuya, haruffa sai su riƙa musayar wuri. Wata rana malami ya tashe ni in karanta, na yi tuntuɓe a layin farko, kafin a yi mini dariya na riga su, na mayar da abin wasa, aji ya kwashe. Daga nan na gane in ni na fara ba da dariyar, ba ta da zafi. Na shekara biyu a haka. Wata safiya na zo ƙofar makaranta, ƙafata ta wuce, ban tsaya ba. Babu wanda ya kore ni, babu wanda ya zo nemana. Na ce mata shi ya sa duk ranar da ta kawo sakamako nake karɓa in yi barkwanci in miƙa wa uwarta, don kada ta ga tsawon lokacin da zan ɗauka kafin in kai ƙarshen shafi. Shi ya sa kuma na kasa dawo mata da ambulan babu komai.

Ta ƙirga gomanta, ta kashe rikoda, ta ce ta gode, kamar yadda za ta ce wa kowa. Kai kuma ba ka yi mana wa'azi ba. Ka ce mata a minti na sha huɗu ta kusa katse ni, ta kyauta da ta daure. Ni ka ƙara mini shayi. Na daɗe ina tunanin wannan. Wani da ya samu uba da 'ya a wannan hali da sai ya yi huɗuba. Kai ka bar mu da abinmu.

Ranar Litinin ka zo garejin da kanka. Ka nemi izinin foman, ka tsaya a tsakiyar fili ka gaya wa mutane ko kai wane ne, da cewa babu ruwan ofis a ciki. Sannan ka juyo gare ni ka ce akwai mutanen da aka yi magana da bakinsu ba su sani ba, ya kamata su ji. Na tsaya a kan taya na yi ikirari karo na uku. Can mai fenti ya tambaya wane dalili na ba shi. Na ce shi ne na kogin. Mai facin taya ya ce shi fa? Na ce akuya. Ya ce shi da ya zo na uku a ajinsu zan haɗa da akuya? Kafin a tashi kowa yana neman a rubuta sunansa, a zo a ji gaskiyarsa, a goge sharrin Mai Soso. Na ce maka ka ga ƙaryata ta yi rana. Ka ce 'yata ta rubuta wannan ma a cikin aikin, don wanda ya zo gyara ƙarya ba daidai yake da wanda ya zo haka kawai ba, mai karatu yana da haƙƙin sani.

Duk da haka ba ka bari ta fara tambaya ba. Sati biyu ta yi tana zama a benci kusa da famfo, ba rikoda, tana kallon wa ke ci da wa, wa ke ninke takardar asibiti ya kai wa mai sito a ɓoye ya karanta masa. Kai ma ka zo sau uku ka zauna a kan taya da wandonka mai guga, kana sauraron gardamar ƙwallo kamar za a yi maka jarrabawa a kai. Mutanen gareji suka sa maka Malam Sai-Kuma, ka ji, ka amsa. Ni kuwa dokar da ka kafa mini ita ce kada in matso kusa da ita da taku ashirin. Na sha hukunci a duniya, ban taɓa shan irin wannan ba: ana hira a gabana, ba ni a ciki.

Mai walda, wanda muka shekara ashirin tare ban ji kalma goma a jere daga bakinsa ba, ya yi awa biyu da ita a cikin bas. Ya fito yana share ido, ya ce hayaƙi ne. Abin ya tsaya mini a rai. Da yamma a gida tana kwafe hirar a kan teburin cin abinci, na yi ta kewaye. Na gyara labule, na tambayi ko biron yana ba ta wahala, na ce ni fa ba gulma nake so ba, kawai don in san yadda zan riƙa zama da shi. Ba ta ɗago ba. Na ce ko kalma ɗaya. Sai ta ajiye biro, ta dube ni, bakinta yana son yin dariya tana hana shi.

"Baba, amana ce. Ko Malam da lamba ya san su."

Kwana arba'in da ɗaya ke nan rabona da jin wannan kalma. Na fita tsakar gida na tsaya ina murɗa famfon da lafiyarsa ƙalau. Uwarta ta leƙo ta tambaya ko hayaƙin waldar ne ya biyo ni gida. Har yau ban san abin da mai walda ya faɗa ba, kuma mun ƙara shekara tara muna cin abinci a benci ɗaya.

Saura aikin kansa. A babi na uku, inda ake bayanin yadda aka yi bincike, ta rubuta ƙarara cewa an fara da takardu arba'in, an watsar da su domin ba waɗanda aka nufa ne suka cike su ba. Na zo har ofis na roƙe ka a cire, tun da kwamiti ya riga ya yafe. Ka ce mai binciken da ya ɓoye inda ya yi tuntuɓe ya bar wa na baya dutsen ne. Malamin da aka gayyato daga wata jami'a don ya yi mata tambayoyi an san shi da tsanani, kuma a wannan shafin ya tsaya. Ina zaune a bencin baranda tun safe, wasu suna shiga minti ashirin su fito, ita ta kusa awa. Na karanta duk sanarwar da ke jikin allo, ni da karatu. Da ƙofa ta buɗe ta fito rungume da aikin, ta ce an karɓa, gyara kaɗan ne. Daga baya ta gaya mini mutumin ya ce babi na uku ne ya sa ya yarda da sauran. Kai ka fito bayanta da fayil a hammata, wani ɗalibi yana jiran ka. Ka ɗaga mini hannu daga nesa ka wuce, kamar ba kai ne ka ɗauko mu daga bakin rami ba.

Yau ita ma koyarwa take yi, kuma na ji ɗalibanta suna kuka da ita, wai ba ta karɓar jadawali sai ta ga takardu. Kai kuma ba ka yar da mu ba. Duk bayan wata biyu ko uku sai ga ka a gareji, ba bincike, ba littafi, ka zauna a kan taya ka tambayi mai faci jarrabawar ɗansa, ka tuna sunan ciwon matar mai gadi. Na ziyarce ka a asibiti sati biyu kafin rasuwarka. Ka rame, muryarka ta yi ƙasa, amma na tarar kana tambayar matar da ke goge ɗakin yadda suke raba aiki tsakanin masu safe da masu rana, ita kuwa ta jingina tsintsiya tana ta zuba. Na ce Malam, ko a nan ma? Ka ce shekararta goma sha ɗaya a wurin, ba a taɓa tambayar ta ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, wadda ta yi haƙuri da hutun da muka cinye mata ba ta taɓa nuna mana a fuska ba, da 'ya'yanka uku, da 'yan'uwanka, da abokan aikinka, da ɗalibanka duk inda suke, har da tawa, wadda ta yi rashin uba alhali ga ni zaune. Mutanen gareji sun ce in isar da tasu. Mai walda da kansa ya zo ya same ni ya ce a rubuta cewa mutumin kirki ne, ka kuwa san abin da kalma uku ke nufi a wurinsa. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku, ya albarkaci abin da ya bari.

Malam, ka ceci yarinya ba tare da ka yi ƙarya ko ɗaya ba, ka kunyata ni ba tare da ka wulaƙanta ni ba. Allah ya gafarta maka, ya yi maka rahama, ya yalwata makwancinka, ya haskaka shi. Ka ƙare rayuwarka kana tambayar bayin Allah cikin ladabi, kana ba su lokaci su amsa. Yanzu da ka je inda kai za a tambaya, Allah ya sa a tambaye ka da sauƙi, ya tabbatar da harshenka a kan amsa, ya sa Aljanna ce makomarka. Mu kuma in tamu ta zo, ya sa mu cika da imani. Amin.